Kwanson harsashi a Amurka: abin da ya sa ake tsince shi ana sake ɗura shi

A filayen koyon harbi na Amurka, da zarar mai kula da fili ya ce a dakata, kowa ya ajiye bindigarsa, sai ka ga wasu sun duƙa suna tsince-tsince a ƙasa. Wani da bokiti, wani da tsintsiya, wani kuma yana tura wani kwandon waya mai doguwar sanda, irin wanda manoman can ke kwashe 'ya'yan itatuwa masu ɓawo da shi idan sun zubo. Yana gara shi a kan siminti, wayoyin suna buɗewa suna haɗiye duk abin da suka taka. Kwanson harsashi suke tarawa. Yawancinsu ba rashi ne ya duƙar da su ba, don wasu bindigar da ke hannunsu ta fi kuɗin babur. Za su kai kwanson gida, su wanke, su gyara, su sa masa sabon albarushi da sabon kai, wani makon su dawo su sake harba shi.

A wurinmu, kwanson harsashi abu ne da ake gani a hoto bayan an kai hari, ko a jere kan tebur gaban 'yan sanda. Shi ya sa mai karatu zai iya mamakin jin cewa akwai ƙasar da wannan ɗan ƙarfe yake da kasuwarsa, da shagunansa, da littattafansa, har ya taɓa tayar da jijiyar wuya tsakanin 'yan majalisar dattawa da ma'aikatar tsaro. Kafin a gane dalili, sai an san yadda harsashin kansa yake.

Abu huɗu ne aka haɗa suka zama harsashi. Akwai kwanso, wanda shi ne gidan. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai kai, wato curin dalmar da ke fita ta bakin bindiga, wanda galibi ake lulluɓe shi da jan ƙarfe. Sai wani ɗan ƙaramin ƙoƙo da ke manne a tsakiyar gindin kwanson, mai ɗauke da sinadarin da ke kamawa da wuta idan an buge shi, shi ne ƙyastun harsashi. In aka ja kunama, allurar bindiga ta daki ƙyastu, tartsatsi ya ratsa ta wata 'yar ƙofa ya kunna albarushi, hayaƙi mai zafi ya cika kwanson ya tunkuɗa kai waje. Albarushi ya ƙone, ƙyastu ya mutu, kai ya tafi inda aka aike shi. Kwanso kaɗai ke faɗowa ƙasa kusan yadda ya shiga. Kuma a harsasan manyan bindigogi, sau da yawa shi ne ya fi sauran ukun tsada, saboda tagulla ce zalla, kuma sai an bi ta matakai da yawa ana ja ana matsewa kafin ta ɗauki siffarta. Kamar kwalbar lemo ce ta da, wadda ake shanye abin ciki a mayar wa mai shago, kamfani ya wanke ya sake cikawa.

Amma aikin kwanso ya wuce riƙe albarushi, kuma a nan ne sirrin zancen yake. Bindigar gargajiya, harba-ka-ruga, ta baki ake ɗura ta, gindinta a toshe yake, hayaƙi ba shi da hanya sai gaba. Da maƙeran Turai suka so yin bindigar da za a buɗe ta baya a sa harsashi cikin sauri, sai suka gamu da cikas: duk yadda aka rufe bayan, hayaƙi mai zafi yana samun kafar tsirtowa ya doki fuskar mai harbi. Tun a 1812 wani maƙeri ɗan Suwizalan mai suna Pauly ya ƙera harsashi haɗaɗɗe a birnin Paris, amma sai da aka shafe shekaru kusan hamsin kafin a dace da maganin da ya zauna, wato kwanson tagulla. A daidai lokacin harbi, matsin da ke cikin kwanson wata shahararriyar bindigar farauta, .308 Winchester, yana iya haura nauyin tan 4 a kan kowane santimita ɗaya murabba'i. Wannan matsi yana kumbura kwanson ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga, ya toshe kowace kafa. Da matsin ya sauka, sai tagullar ta ɗan koma baya, ta saki bangon, a iya zaro ta. Duk wannan a cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Haɗin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya: yana da taushin da zai kumbura bai tsage ba, da taurin da zai jure, kuma ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe.

Sai dai komawar da tagulla ke yi ba cikakkiya ba ce. Kwanson da aka harba ya ɗan fi sabo faɗi, wuyansa ya buɗe ba zai riƙe sabon kai ba, kuma a hankali yana ƙara tsawo. Aikin mai ɗuri ke nan: ya tsabtace shi, ya matse shi da injin hannu a cikin wani bututun ƙarfe mai siffar harsashin har ya koma girmansa na asali, ya fitar da mataccen ƙyastu ya sa sabo, ya auna tsawonsa ya datse in ya wuce, sannan albarushi da kai. Faɗinsa ba wuya. Yinsa kuwa aiki ne na ma'auni, inda kuskuren da ido ba ya gani yake iya fasa bindiga.

Ba kowane kwanso ne ke karɓar wannan aiki ba, kuma dalilin ya samo asali ne daga wasu mutum biyu da suka yi rajistar ƙirarsu a shekara ɗaya, 1866. Kanar Edward Boxer na masana'antar makaman Woolwich a Ingila ya yi ƙyastu mai ɗauke da 'yar maƙerarsa a ciki, wato ɗan ƙarfen da allura ke matse sinadarin a kansa ya kama wuta, kwanson kuma yana da ƙofa ɗaya tak a tsakiya. Hiram Berdan, Ba'amurke, ya yi nasa da maƙerar a jikin kwanson, tartsatsi yana bi ta ƙananan ƙofofi, galibi biyu, a gefe. Wajen harbi duk ɗaya ne. Wajen sake ɗuri kuwa bambancin babba ne: na Boxer tsinke ɗaya za a zura ta tsakiya a turo mataccen ƙyastu waje, na Berdan sai an yi ta fama da shi, kuma samun sabon ƙyastunsa a kasuwar Amurka wahala ne. Yadda tarihi ya juya, Amurka ƙirar Baturen Ingila ta runguma, Turai da Rasha suka daɗe a kan ƙirar Ba'amurken. Wannan zaɓi ɗaya yana cikin manyan dalilan da suka sa sake ɗuri ya yi jijiya a Amurka fiye da ko'ina. Mai tsintar kwanso yakan haska tocila cikin bakinsa ya leƙa: ƙofa ɗaya, ya jefa a bokitin aiki, ƙofa biyu, ya jefa a na gwangwan.

Tantancewar ba ta tsaya nan ba. Ana ratsa tarin da maganaɗisu, duk wanda ya manne baƙin ƙarfe ne, irin wanda masana'antun Rasha kamar Tula da Barnaul suka cika kasuwar Amurka da shi a shekarun baya, musamman harsashin AK-47. Yana da arha, amma ba ya komawa kamar tagulla, kuma kusan duka na Berdan ne. Akwai na goran-ruwa, wanda kamfanin CCI ke yi, har ya buga haruffa biyu a gindinsa da ke nuna ba na sake ɗuri ba ne. Akwai ƙaramin harsashin .22 da yara ke koyon harbi da shi, wanda sinadarin wutarsa yana cikin leɓen kwanson ne, in allura ta daki leɓen ta lotsa shi, shi ke nan. Abin da ya rage sai a raba shi bisa girma, masu tsanani kuma har bisa kamfani da shekara, don kaurin bango ya bambanta daga wata masana'anta zuwa wata. Duk wannan bayani yana rubuce a gindin kwanson. Wanda aka buga wa LC da lambobi biyu, daga masana'antar sojan Amurka ta Lake City yake, a jihar Missouri, lambobin kuma shekarar ƙira ce. In akwai da'ira da gicciye a ciki, an yi shi ne bisa ma'aunin NATO.

Al'adar ta tsufa kusan kamar harsashin kansa. A shekarun 1870, mafarautan da suka kusa ƙarar da ɓaunan Amurka a filayen yamma suna nesa da kowane shago da tafiyar kwanaki. Sukan tafi da albarushi a gwangwani, da dalma a dunƙule, da ƙyastu, da dare a sansani su wanke kwanson da suka harba da rana, su narka dalma su zuba kai, su ɗura na gobe. Kamfanonin bindiga da kansu suke sayar musu da kayan aikin. A 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal don ƙera irin waɗannan kayan hannu, wanda daga baya kamfanin Lyman ya gaje shi a 1925. Amma Yaƙin Duniya na Biyu ne ya haifi masana'antar da ake gani yau. Lokacin yaƙin, kusan duk abin da masana'antu ke ƙerawa na soja ne, farar hula ba sa samun harsashin farauta. Vernon Speer ya riƙa tara kwanson .22 da aka zubar yana mayar da shi rigar kan harsashi. Fred Huntington ya kafa kamfanin kayan ɗuri na RCBS a 1943 a garin Oroville na Kalifoniya. Da aka gama yaƙi, gwamnati ta rasa yadda za ta yi da tulin albarushin da ya rage, sai Bruce Hodgdon ya sayi mai nauyin fam 50,000 a 1947 ya fara sayarwa a ƙananan mazubai. Joyce Hornady ya buɗe nasa kamfanin a 1949 a Nebraska. A 1958 Richard Lee ya fito da 'yan kayan ɗuri masu arha da ke shiga cikin ƙaramin akwati. Sunayen nan har yau su ne a kan kantunan kayan ɗuri.

In ka tambayi mai ɗuri dalilinsa, amsar farko ita ce sauƙin kuɗi. A ganina wannan amsa rabin gaskiya ce. Ga harsashin da kowa ke amfani da shi, kamar 9mm, wanda masana'antu ke zubowa kamar ruwan sama, ribar kaɗan ce idan kasuwa tana lafiya, kuma in aka lissafa kuɗin inji, da sikeli, da ma'aunin tsawo, da na'urar wanki, da awannin da mutum zai zauna, sai an ɗura dubbai kafin a mayar da jari. Su kansu masu abin sukan faɗa cewa ba su taɓa rage kashe kuɗi ba, harbin ne kawai ya ƙaru. Inda lissafin ke fita da gaske shi ne manyan harsasan farauta masu tsada, da waɗanda aka daina ƙerawa. Mutumin da ya gaji bindigar kakansa ta shekara ɗari, wadda babu shagon da ke da abincinta, hanya ɗaya ce ta rage masa, ya tattala 'yan kwanson da yake da su kamar ƙwai.

Dalili na biyu ya fi nauyi, shi ne saiti. Masana'anta tana ƙera harsashi ne don ya shiga kowace bindiga mai wannan girman, saboda haka tana barin ɗan sarari. Kwanson da aka harba a bindiga ɗaya kuwa ya riga ya ɗauki siffar cikinta. Masu gasar harbin nesa, waɗanda ke neman harsashi biyar ko goma su faɗa kusan rami ɗaya, ba sa yarda da na kanti. Suna auna nauyin kowane kwanso, su ware masu nauyi ɗaya, su auna albarushi da sikelin da ke gane bambancin 'yan miligiram, su rubuta komai a littafi: ranar ɗuri, karo na nawa, yanayin zafi, da inda kowane harsashi ya faɗa. Wannan sashe ne na fi ganin girmansa a duk al'amarin, domin horo ne na haƙuri da rubuta gaskiya. Wanda ya yi wa littafinsa ƙarya, allon da ya harba zai tona shi.

Rubuta "karo na nawa" ba ado ba ne. Tagulla tana da hali: duk lokacin da aka lanƙwasa ta ko aka matse ta, tana ƙara tauri, taurin kuma yana kai ta ga tsagewa. Kwanson da ake kumburawa da harbi, a matse da inji, a sake kumburawa, yana tsufa ta hanyoyi uku. Wuyansa yakan bushe ya tsage, wannan da sauƙi, ido na gani, kuma ana jinkirta shi ta hanyar gasa wuyan kaɗai ya yi laushi. Ramin ƙyastu yakan faɗaɗa har sabon ƙyastu ya shiga ba tare da turjiya ba, alamar gindin ya gaji. Na ukun shi ne mugun: a kwanson manyan bindigogi, bangon yakan sirance ta ciki, kaɗan sama da gindi, saboda tagullar tana malalowa gaba duk harbi. Daga waje sai wani siririn zobe mai haske, wani lokaci ma babu komai. Ranar da ya yanke, gindi ya rabu da gangar jiki a cikin bindiga, hayaƙin nan mai nauyin tan huɗu ya sami hanyar baya. Shi ya sa masu hankali ke zura lanƙwasasshiyar waya cikin kowane kwanso suna shafa bangon, in ta maƙale a wani kwari, an yi ritayarsa. Kwanson ƙaramar bindiga mai sauƙin matsi yana iya zagayowa sau da yawa har mai shi ya daina ƙirga. Na babbar bindiga mai zafin ɗuri kuwa wani lokaci bai wuce 'yan zagaye ba.

Akwai wani ciwon tagulla da sojojin Ingila suka gano a Indiya. Lokacin damina, sukan ajiye harsasai a bargar dawaki har rani ya shigo, in an buɗe sai a tarar kwanso da yawa sun tsage a wuya ba tare da an harba su ba. An daɗe ana ɗora wa yanayi laifi. Sai a 1921 masana suka tabbatar cewa sinadarin amoniya da ke tashi daga fitsarin dawaki ne ke haɗuwa da danshi ya ci tagullar a inda take a ɗaure da matsin ƙira. Saboda wannan darasi, har yau mai ɗuri ba ya goge kwanso da man goge tagulla mai amoniya, komai ƙyallin da zai ba shi.

Daga nan za a gane matsalar kwanson tsintuwa. Wanda ka saya sabo ka harba da kanka, ka san tarihinsa. Wanda ka tsinta a fili ba ka san komai a kansa ba. Wataƙila wani ne ya saye shi a kanti ya harba sau ɗaya ya tafi, wannan shi ne abin nema. Wataƙila kuma wani gwanin ɗuri ne ya bar shi da gangan domin ya san ya ƙare. Kwanson da ƙwararre ya ƙi duƙawa ya ɗauka, akwai dalili. Saboda haka a kasuwa kalmar "harbi ɗaya" ita ce ke sa farashi, kuma kwanson soja ya fi samun amincewa, don soja ba sa sake ɗuri, kuma ana danne ƙyastunsu da wani matsi na musamman wanda in yana nan daram, shaida ce ba a taɓa cire shi ba.

Tsintar ma tana da ladabinta. Kwanson da ya fito daga bindigar mutum nasa ne har sai ya ce ba ya so, kuma kwashe na maƙwabci yana tsaye ba tare da tambaya ba abin kunya ne da ke jawo cacar baki. Wasu sukan shafa wa gindin nasu alƙalami mai launi don su gane shi cikin tari, wasu su rataya wa bindiga 'yar jaka da ke cafke kwanson kafin ya taɓa ƙasa. Filaye da dama, musamman na cikin gini, suna da doka cewa duk abin da ya faɗi gaban layin harbi na fili ne. Ba rowa ba ce kawai: hana mutane miƙa hannu gaban bakin bindiga ne, kuma ganga-gangar tagullar da ake sayar wa masu sarrafawa ko 'yan gwangwan tana cikin kuɗin shigar filin.

Haɗarin da ya fi girma bai ma shafi kwanso ba, albarushi ne. Albarushin zamani iri-iri ne, wani yana ci da sauri don ƙananan bindigogi, wani a hankali don manya, kuma a ido suna iya kama da juna. Zuba na ƙarama a harsashin babba yana tarwatsa bindiga. Haka zuba awo biyu a kwanso ɗaya saboda waya ta yi ƙara hankali ya rabu. Mantawa da albarushin gaba ɗaya ma bala'i ne: ƙyastu kaɗai yana iya tura kai ya maƙale a tsakiyar bututu, harbi na gaba ya tarar da hanya a toshe. Abin da ke tsare mutane shi ne littattafan awo da kamfanoni ke wallafawa bayan gwaji da na'urorin auna matsi, bisa iyakokin da ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ta gindaya a Amurka, da hukumar CIP a Turai. Duk da haka yawancin masu ƙera bindiga suna rubutawa ƙarara cewa garantinsu ya faɗi in aka yi amfani da harsashin ɗurin gida. Sai kuma gubar dalma, wadda ba ta fashewa, ba ta ƙara. Sinadarin da ke cikin yawancin ƙyastu yana ɗauke da dalma, tokarsa tana manne a kwanson, ƙurar da ke tashi lokacin wanki a bushe tana shiga huhu, tana sauka a tufafi, a kai ta cikin gida wurin yara. Wanda ya tuna abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Yadda kwanso ya zama maganar siyasa ya fito fili a watan Maris na 2009. Sojan Amurka suna harba harsasai masu ɗimbin yawa a atisaye, Lake City kaɗai tana iya ƙera sama da biliyan ɗaya a shekara, kuma an saba yin gwanjon kwanson ga kamfanonin da ke sake ɗura shi su sayar wa jama'a da 'yan sanda don atisaye. Kwatsam hukumar da ke kula da kayan ma'aikatar tsaro ta ce daga yanzu sai an niƙe kwanson kafin a sayar, wato ya koma gwangwan. Ƙananan kamfanoni suka ce za su rufe, masu harbi suka yi ca a kan wakilansu, sanatoci biyu na jihar Montana, Max Baucus da Jon Tester, suka rubuta wa hukumar, cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin. Abin ya zo ne a tsakiyar ƙarancin harsashin da ya biyo bayan zaɓen Obama a 2008, lokacin da mutane suka yi ta saye suna ɓoyewa don tsoron sababbin dokoki. An sake irin wannan ƙaranci bayan kisan makarantar Sandy Hook a Disamban 2012, sannan mafi tsanani a 2020, shekarar korona da zanga-zanga da zaɓe, inda aka sayi bindigogi kimanin miliyan 21.

Shekarar 2020 ce ta ƙaryata wata magana da masu ɗuri ke so, cewa su sun 'yantu daga kasuwa. Mutum yana iya tara kwanso buhu-buhu, yana iya narka dalma ya zuba kai, amma ƙyastu sai masana'anta. Manyan masu yin sa a Amurka a lokacin huɗu ne: CCI, Federal, Remington da Winchester. Remington ya durƙushe a shekarar, kamfanin da ya mallaki CCI da Federal ya saye sashen harsashinsa, uku cikin huɗu suka koma hannu ɗaya. Da buƙata ta yi yawa, masana'antun suka fifita sa ƙyastun a harsashin da suke sayarwa da kansu. Kantuna suka bushe, farashi ya ninka har sau uku a wurare da dama, masu bokitan kwanso suka zauna suna kallonsu. A 2024 kuma wani kamfanin Jamhuriyar Cek, CSG, ya saye waɗannan ukun gaba ɗaya. Sake ɗuri reshe ne na babbar masana'anta, ba ya rayuwa in ta rufe famfo.

Doka ma ita ce ke riƙe da shi. A dokar tarayyar Amurka, mutum yana iya ɗura wa kansa ba tare da lasisi ba, amma in zai mayar da shi sana'a yana sayarwa, sai da lasisin ƙera harsashi. Dokar tana lissafa kwanso, da ƙyastu, da albarushi, da kai a matsayin harsashi, don haka wanda aka haramta wa riƙe makami saboda babban laifi an haramta masa waɗannan ma. Jihar Massachusetts tana neman lasisi ko don mallakar kwanson da aka riga aka harba. A Jamus sai mutum ya yi kwas ya ci jarrabawa a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa kafin a ba shi izinin sayen albarushi. A Birtaniya, tun dokar 2006, ba a sayar wa mutum ƙyastun irin wannan harsashi sai ya nuna takardar izinin bindiga. A Najeriya kuwa babu wannan ƙofa ga mutum a gidansa: Dokar Makamai ta 1959 ta keɓe ƙera harsashi da harhaɗa shi ga ma'ajiyar makamai ta gwamnati da masana'antun da aka amince wa, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Wanda aka kama yana ɗura kwanso a nan, tuhumar ƙera makami ce a kansa. Kuma ina ganin daidai ne, a ƙasar da babu littafin awo a kasuwa, babu ɗakin gwaji, ga kuma jinin da ake zubarwa.

Amfanin kwanso a ɓangarenmu wani ne daban, shi ne abin da yake faɗa. Allurar kowace bindiga, da fuskar ƙarfen da gindin kwanso ke bugawa, da ƙugiyar da ke zaro shi, duk suna barin tabo na kansu a jikin tagulla. Tun a 1929, bayan kisan mutum bakwai a Chicago ranar 14 ga Fabrairu, Calvin Goddard ya yi amfani da madubin ƙara girma mai kwatanta abu biyu ya danganta harsasai da kwanson da aka tsinta da wasu bindigogi biyu da aka kama daga baya. Tambarin gindi kuma yana nuna hanyar da kaya suka biyo. A 2012 ƙungiyar Conflict Armament Research ta bayyana cewa wasu harsasai marasa sunan masana'anta da aka yi ta tsinta a ƙasashe tara na Afirka daga Iran suke, kuma kwantenonin makaman da aka kama a tashar Apapa ta Legas a 2010 suna cikin abin da ya taimaka wajen gane hakan. Idan yara suka kwashe kwanso bayan hari suna wasa da shi, ko ɗan bola-jari ya auna shi a kilo, an goge wannan rubutu. Barinsa a inda ya faɗi har masu bincike su zo ya fi kuɗin tagullarsa daraja nesa ba kusa ba.

A can Amurka, abin da zai iya sauya al'adar yana tahowa ne daga soja. Tagulla tana da nauyi, sojan ƙasa kuma yana ɗauke da ɗaruruwan harsasai a jikinsa, shi ya sa aka daɗe ana gwada kwanson roba mai jure zafi, irin na kamfanin True Velocity. A Afrilun 2022 rundunar sojan ƙasa ta zaɓi sabuwar bindigar kamfanin Sig Sauer da harsashinta 6.8x51, wanda kwansonsa haɗi ne: gangar jiki ta tagulla, gindi na baƙin ƙarfe, don ya jure matsin da ya haura tan 5 da rabi a santimita murabba'i, abin da tagulla zalla ba za ta ɗauka ba. Sauyin zai ɗauki shekaru, tsohon harsashin 5.56 yana nan a hannun yawancin rundunoni. Amma duk bataliyar da ta koma sabon, ta daina zubar da irin kwanson da kamfanonin gwanjo da masu bokiti suka dogara da shi, kuma kayan aiki da littattafan awon da ke hannun yawancin masu ɗuri a yau don kwanson tagulla zalla aka yi su.